BABI NA UKU: TSUKEWAR ƘYAUREN BABBAR JIJIYAR ZUCIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Bahaushe ya ɗauki zuciya, inda aka nuna cewa "ciwon zuciya" a bakinsa yakan haɗa abubuwa biyu, watau ciwon da ya kama tsokar da ke cikin ƙirji, da kuma baƙin ciki ko takaicin da ke cin mutum a rai. Wannan babi zai tsaya ne a kan ma'ana ta farko, kuma a kan cuta ɗaya tak daga cikin cututtukan zuciya, ita ce tsukewar ƙyauren da ke bakin babbar jijiyar jini. An ware mata babi ne saboda wani hali nata na daban. Cuta ce da kan shafe shekaru masu yawa a jikin mutum bai ji komai ba, amma daga lokacin da ta bayyana kanta, shekarun da suka rage masa 'yan kaɗan ne idan ba a yi wani abu ba. Sa'an nan kuma ba a sami ƙwaya ko allura ko sassaƙen da ke buɗe ƙyauren da ya riga ya tsuke ba. Sai dai a sauya shi.

3.1 Ƙyauren da Aikinsa

Zuciya tsoka ce mai girman dunƙulen hannun mai ita. Tana da ɗakuna huɗu, biyu a dama, biyu a hagu. Ɓangaren dama shi ke karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi huhu domin ya ɗauko iska mai kyau. Na hagu kuma ya karɓe shi daga huhu ya harba shi zuwa sauran jiki, tun daga ƙwaƙwalwa har yatsan ƙafa. Saboda nisan wannan tafiya, ɗakin ƙasa na hagu ya fi sauran ɗakunan kaurin bango da ƙarfi. Duk jinin da zai fita daga wannan ɗaki ta ƙofa ɗaya yake bi, ya faɗa cikin wata jijiya da babu mai girmanta a jiki, wadda likitoci ke kira a'ota. A nan za a riƙa kiranta babbar jijiya.

A bakin wannan ƙofa akwai ƙyaure. Ma'aikatan asibiti kan ce masa bawul, kalmar da masu faci da kanikawa suka saba da ita, aikin kuwa ɗaya ne, watau ya bar abu ya wuce ta fuska guda ya hana shi komowa. Ƙyauren ya ƙunshi 'yan fatu uku sirara masu laushi, kowace da siffar rabin wata. Idan zuciya ta matsa, sai jini ya ture su su lafe a jikin bangon jijiya, hanya ta buɗe. Idan ta saki, sai jinin da ya riga ya wuce ya nemi komowa, ya cika su kamar aljihu, su haɗe baki su rufe. Dab da bayan ƙyauren ne kuma wasu ƙananan jijiyoyi biyu suka tsiro, waɗanda ke ciyar da ita kanta tsokar zuciya.

Zuciyar baligi kan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa. Ke nan ƙyauren yana buɗewa yana rufewa kimanin sau 100,000 a kwana ɗaya, kuma kusan lita 5 ta jini ke ratsa shi a kowane minti. Faɗin ƙofar a jikin lafiyayye murabba'in santimita 3 zuwa 4 ne. Idan ya ragu ya koma ƙasa da 1, to tsukewa ta yi tsanani. Watau ƙofar da babban yatsa zai shiga a sake ta koma ba ta fi kaurin ɗan ƙaramin yatsa ba, alhali jinin da jiki ke bukata bai ragu ba.

3.2 Musabbabin Tsukewa

Abin da ya fi kawo wannan cuta a ƙasashen Turai da Amurka shi ne yawan shekaru. A hankali sinadarin kalsiyam, wanda shi ne ke cikin ƙashi, yakan taru a kan fatun ƙyauren, kamar yadda farin abu kan kama cikin tukunyar da ake yawan tafasa ruwan rijiya a ciki. Fatun da suke da laushi sai su yi kauri su ƙage, har likitan tiyata kan tarar da su tamkar tsakuwa. Wani masanin cututtuka Bajamushe mai suna Mönckeberg ya yi bayanin wannan yanayi tun a 1904. An daɗe ana ɗaukar abin a matsayin cinyewa kawai, irin ta tsohon takalmi, amma daga baya bincike ya nuna cewa akwai kumburi da taruwar maiƙo a cikin fatun, kwatankwacin abin da ke toshe jijiyoyin jini. Shi ya sa masu hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda da masu shan taba suka fi shiga haɗarinta. Yawanci takan bayyana ne bayan shekara 65.

Akwai kuma waɗanda ake haifa da ƙyaure mai fatu biyu maimakon uku. Kimanin mutum 1 zuwa 2 cikin 100 haka aka halicce su, maza sun fi mata yawa a ciki, kuma abin yakan bi jini a dangi. Irin wannan ƙyaure yana aiki, sai dai ba ya buɗewa daidai, don haka kalsiyam yakan kama shi da wuri, mai shi ya fara jin alamu yana ɗan shekara 50 ko 60. 'Yan kaɗan ne kan zo duniya da ƙyauren a tsuke tun suna jarirai.

Musabbabi na uku shi ne ya fi dacewa a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi shafar ƙasar Hausa da sauran ƙasashen Afirka, kuma yara da matasa yake kamawa. Asalinsa ciwon maƙogwaro ne. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira sitireftokokas, wadda kan kama maƙogwaron yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 15, ta sa musu zazzaɓi da zafin haɗiya. Takan yaɗu a inda ake kwana a cunkushe. Ciwon yakan wuce da kansa cikin 'yan kwanaki, iyaye su ɗauka an rabu lafiya. To amma a jikin wasu yaran, bayan mako 2 ko 3, sai garkuwar jiki da ta tashi yaƙar ƙwayar cutar ta rikice, ta juya kan naman jikin yaron, saboda kamannin da ke tsakanin ƙwayar da wasu sassa na zuciya da gaɓɓai. Sai yaro ya kwanta da zazzaɓi, gwiwa ta kumbura yau, jibi ta saki ta koma idon sawu ko gwiwar hannu. Wannan shi ne zazzaɓin rumatik. Ciwon gaɓɓan yakan warke bai bar tabo ba. A zuciya ne yake barin tabo, kuma duk sa'ad da ya sake dawowa tabon ƙaruwa yake yi. Gefen fatun ƙyaure sai su manne da juna daga kusurwa, ƙofa ta riƙa raguwa, ko kuma fatun su takure su kasa rufewa, jini ya riƙa yoyo baya. Sau da yawa ma a sami duka biyun a ƙyaure ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, zazzaɓin rumatik ya fi kama wani ƙyauren daban, wanda ke tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na hagu. Da wuya a tarar ya tsuke ƙyauren babbar jijiya shi kaɗai bai taɓa wancan ba. Ke nan majinyacin da wannan zazzaɓi ya yi wa lahani yakan zo ne da ƙyaure biyu a lalace, aikinsa kuma ya fi na tsohon Bature wuya. Fiye da mutum miliyan 40 ke ɗauke da ciwon zuciya na rumatik a duniya, akasarinsu a ƙasashe matalauta, kuma a 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman a kansa. Abin takaicin shi ne, allurar fenisilin guda ɗaya, ko ƙwayarsa ta kwana 10, tana isa ta tare wannan bala'i tun yana maƙogwaro. A wurare da yawa kuwa, yaron da ke yawan ciwon maƙogwaro wurin wanzami ake kai shi a cire masa belu. Cire belu ba ya kashe ƙwayar cutar da ke maƙogwaron, ballantana ya kare zuciya.

3.3 Yadda Zuciya Ke Jurewa da Yadda Take Gazawa

Dalilin da ya sa cutar ke daɗewa a ɓoye shi ne juriyar zuciya. Ƙofa ba a dare ɗaya take tsukewa ba. Bayan cutar ta kankama, a matsakaicin lissafi faɗinta kan ragu da kimanin kashi ɗaya cikin goma na murabba'in santimita a shekara, ko da yake wani ya fi wani sauri ƙwarai. Yayin da ƙofa ke raguwa, sai ɗakin hagu ya riƙa ƙara ƙarfin matsa, bangonsa kuma ya yi kauri, kamar yadda damtsen maƙeri ke cika saboda yawan ɗaga masaba. Bangon da bai fi santimita 1 ba yakan kai ɗaya da rabi ko fiye. Da wannan dabara zuciya kan ci gaba da biya wa jiki bukata shekara da shekaru.

Sai dai kaurin nan bashi ne, kuma yana da ranar biya. Tsoka mai kauri tana bukatar jini fiye da da, ga shi ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita a matse suke a cikinta. Saboda haka idan mutum ya yi aikin ƙarfi sai ya ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, wani lokaci ya sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi, in ya huta ya lafa. Haka kuma idan ya yi sauri ko ya hau tudu, jijiyoyin ƙafa da hannu sukan buɗe su ɗebi jini, ita kuwa zuciya ba ta iya ƙara abin da take fitarwa ta ƙofar da ta tsuke, sai jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya ragu, mutum ya ji jiri ko ya faɗi sumamme. Bugu da ƙari, bango mai kauri ba ya sakin jiki, ɗakin ba ya cika da sauƙi, sai jini ya riƙa taruwa baya a huhu. Daga nan haki ke farawa. Da fari sai an yi aiki, daga baya ko ana zaune, har ta kai mutum ba ya iya kwanciya sai ya jingina da matasai, ko ya farka da tsakar dare numfashi na sarƙe masa. Ƙafafu su kumbura.

A 1968 wasu likitocin Amurka biyu, John Ross da Eugene Braunwald, sun fitar da wani lissafi da ya shahara a wannan fage. Sun nuna cewa idan ba a yi tiyata ba, matsakaicin abin da ya rage wa majinyaci bayan ciwon ƙirji ya fara shekara 5 ne, bayan suma shekara 3, bayan gazawar zuciya kuma shekara 2. Majinyatan da aka gina wannan lissafi a kansu ba su da yawa, kuma sun fi na yanzu ƙuruciya, amma binciken da ya biyo baya bai rusa ainihin maganar ba. Kafin alamu su bayyana, haɗarin mutuwar fuju'a bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 a shekara ba. Da zarar sun bayyana lissafi ya sauya.

Wahalar ita ce, mutane ba kasafai suke gane cewa alamun sun bayyana ba. Dattijon da a da yake zuwa gona a ƙasa sai ya bar wa yara. Wanda ya saba takawa zuwa masallacin Juma'a sai ya fara neman mai babur. Idan aka tambaye shi ko yana haki ya ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa, domin ya daina duk abin da zai sa shi haki. Shi da iyalinsa duk sun tafi a kan cewa tsufa ne. Saboda haka tambayar da ta fi amfani a ɗakin likita ita ce, wane aiki ne yake yi bara wanda bana ya bari, kuma me ya sa. Matashi mai haki kuwa akan ce asma ce ko sanyi ya kama masa ƙirji, mai suma kuma a ce farfaɗiya ce ko iska, a ɓata watanni ana maganin abin da ba shi ba.

3.4 Gano Cutar

Matakin farko ba ya bukatar wutar lantarki. Abin sauraren ƙirji, wanda likitan Faransa Laennec ya ƙirƙira a 1816, ya isa ya sa a yi zargi. Jinin da ke kutsawa ta ƙaramar ƙofa yakan yi gurnani mai kaushi a duk bugu, ana jinsa sosai a saman ƙirji ta dama, tsakanin haƙarƙari na biyu da na uku, kuma yana bin jijiya har wuya. Idan cutar ta yi nisa, bugun jijiyar wuya yakan yi rauni, ya kuma zo a makare. Gwajin wutar zuciya, wanda aka fi sani da i-si-ji, yana iya nuna kaurin bango, hoton ƙirji kuma yana iya nuna ruwa a huhu, amma babu ɗayansu da ke yanke hukunci.

Mai yanke hukunci shi ne hoton eko. Na'ura ce mai aika sauti cikin ƙirji ta karanta amsa-kuwwarsa, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Inge Edler da Hellmuth Hertz ne suka fara gwada ta a kan zuciya a garin Lund na ƙasar Suwidin a 1953. Ba ta da zafi, ba a huda jiki. Da ita ake ganin fatun ƙyaure, a ƙirga su, a ga ko sun manne ko sun ƙage, a auna kaurin bango da ƙarfin matsar zuciya. Abin da ya fi muhimmanci, tana auna gudun jini. Duk wanda ya taɓa ban ruwa da mesa ya san cewa idan aka danne bakinta da yatsa ruwa yakan ƙara tsiri. Haka jini yake. A ƙyaure lafiyayye gudunsa bai kai mita 2 a daƙiƙa ba. Idan ya kai mita 4 ko fiye, ko matsakaicin bambancin matsi tsakanin ɗaki da jijiya ya kai 40 a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, ko faɗin ƙofa ya gaza murabba'in santimita 1, ana lissafa tsukewar a cikin mai tsanani. Akwai wani tarko a nan: idan zuciya ta riga ta gaji ba ta iya harba jini da ƙarfi, gudun yakan fito ƙasa alhali ƙofar a tsuke take ƙwarai. A irin wannan hali sai an ƙara da wasu gwaje-gwaje, kamar hoton siti-sikan mai auna yawan kalsiyam.

Wanda aka samu da cutar amma ba shi da alamu, akan sa masa ido ne. Mai ƙaramar tsukewa ya maimaita eko bayan shekara 3 zuwa 5, mai matsakaiciya bayan shekara 1 zuwa 2, mai tsanani kuwa duk wata 6 zuwa 12.

3.5 Magani

3.5.1 Iyakar Ƙwayoyi

Da aka gane cewa akwai hannun maiƙo a cutar, an sa rai cewa ƙwayoyin rage maiƙon jini za su tsayar da ita. An gwada wannan a manyan bincike da aka wallafa a 2005 da 2008 da 2010, duk ba su hana ƙofa ci gaba da tsukewa ba. Abin da ƙwayoyi ke yi shi ne rage wahala. Maganin sa fitsari yana janye ruwa daga huhu da ƙafa, maganin hawan jini yana rage wa zuciya kaya. Amma ko waɗannan sai da lura, domin magungunan da ke saukar da jini farat ɗaya, irin wanda ake sa wa ƙarƙashin harshe don ciwon ƙirji, suna iya kayar da mai tsukewa mai tsanani. Wanda cutarsa ta samo asali daga zazzaɓin rumatik kuwa, ana yi masa allurar fenisilin mai daɗewa a jiki duk mako 3 ko 4, tsawon shekaru, sau da yawa har ya kai 40, domin kada zazzaɓin ya dawo ya ƙara ɓarna.

3.5.2 Tiyata

Ba a sami damar taɓa cikin zuciya a natse ba sai da John Gibbon ya yi nasarar aiki da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu a 1953. A 1960 Dwight Harken ya dasa ƙyauren ƙira a bakin babbar jijiya a birnin Boston, a 1962 kuma Donald Ross ya dasa na mamaci a Landan. Yadda ake aikin shi ne, a sa majinyaci barci, a tsaga ƙashin ƙirji, a haɗa shi da inji, a tsayar da zuciya, a buɗe babbar jijiya a yanke tsohon ƙyaure, a kankare kalsiyam, a ɗinke sabo. Aikin kan ɗauki 'yan sa'o'i, majinyaci ya yi kamar mako ɗaya a asibiti, ƙashin ƙirji kuma ya haɗe cikin wata biyu zuwa uku. Ga wanda ba shi da wata cuta babba, haɗarin mutuwa a aikin yana tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin 100 a cibiyoyin da suka ƙware. Idan aka gwada wannan da lissafin da aka kawo a 3.3, za a ga cewa barin aikin ya fi yinsa haɗari nesa ba kusa ba. Bayan an sauke wa zuciya kaya, kaurin bango yakan ragu, haki ya tafi.

Ana yin aikin ne da zarar tsukewa mai tsanani ta zo da alamu, ko kuma eko ya nuna ƙarfin matsar zuciya ya sauka ƙasa da kashi 50 cikin 100 ko da babu alamu. Wasu bincike da aka fitar tsakanin 2019 da 2024 ma sun karkata ga cewa yin aikin kafin alamu su bayyana yana da amfani ga masu tsukewa mai tsanani.

3.5.3 Zaɓen Ƙyaure

A nan ne shawara ta fi wuya, kuma a nan ne halin da majinyaci ke zaune a ciki ya fi shiga lissafi. Ƙyauren da ake dasawa iri biyu ne. Akwai na ƙira, wanda ake yi da wani nau'in gawayi mai tsananin tauri da ƙarfe. Ba ya cinyewa, yana iya kai mutum ƙarshen rayuwarsa, har in dare ya yi shiru akan ji yana ƙyas-ƙyas kamar agogo. Aibinsa shi ne jini yakan daskare a jikinsa, gudan jinin ya toshe shi ko ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Don haka dole mai shi ya sha maganin tsinka jini da ake kira wafarin kullum har abada. Wafarin kuwa magani ne mai ƙaramin fili: in ya yi kaɗan jini ya daskare, in ya yi yawa jini ya tsinke. Sai ana ɗibar jini a kai a kai, yawanci duk wata, ana duba wani ma'auni da ake kira INR, wanda ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Yawan ganye a miya, kamar alayyafo, yana rage masa ƙarfi idan aka sauya yadda aka saba ci, wasu magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis kuma suna ƙara haɗarin zubar jini. An gwada sababbin magungunan tsinka jini waɗanda ba sa bukatar gwaji, amma a 2012 da 2022 an tsayar da binciken da ake yi da su a kan masu ƙyauren ƙira, saboda an ga ba su kai wafarin kariya ba.

Iri na biyu na nama ne, ana yinsa da ƙyauren zuciyar alade ko da tantanin da ya lulluɓe zuciyar saniya, bayan an jeme shi da wani sinadari, dabarar da likitan Faransa Alain Carpentier ya kawo a ƙarshen shekarun 1960. Wannan ba ya bukatar wafarin na har abada, sai dai yana tsufa, yawanci cikin shekara 10 zuwa 15, kuma ya fi saurin lalacewa a jikin matashi. Jagororin likitocin Amurka na 2020 sun fifita na ƙira ga wanda bai kai 50 ba, na nama ga wanda ya haura 65, tsakanin nan kuma a yi shawara.

To amma waɗannan jagorori an gina su ne a kan cewa ɗakin gwaji yana kusa. A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 20 daga ƙauye, wadda zazzaɓin rumatik ya lalata wa ƙyaure. Bisa shekarunta na ƙira ya kamace ta. Sai dai wafarin yana iya nakasa ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12 na ciki, ga haɗarin zubar jini wajen haihuwa, ga nisan asibitin da ke auna INR. Idan kuma aka sa mata na nama, za ta haihu cikin kwanciyar hankali, amma tana iya bukatar a sake buɗe mata ƙirji kafin ta kai 30, da kuɗin da na farko ma da ƙyar aka haɗa. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya fita ba aibi, kuma bai kamata a yanke wannan shawara ba tare da an zaunar da ita da mijinta ko iyayenta an warware musu komai ba. Haka nan Musulmi kan yi tambaya game da na alade. Malaman fiƙihu da dama sun halatta shi bisa larura idan babu madadi, kuma ga na saniya nan a wadace, don haka hakkin majinyaci ne a faɗa masa irin wanda za a sa masa.

3.5.4 Sauya Ƙyaure ta Bututu

A 1985 wani likita a birnin Rouen na Faransa, Alain Cribier, ya fara zura siririn bututu ta jijiya har bakin ƙyaure, ya hura balan-balan ya buɗa shi. Dabarar tana aiki ga yaran da aka haifa da tsukewa, domin fatunsu ba su ƙage ba, amma a jikin tsofaffi ƙofa takan sake tsukewa cikin wata 6 zuwa 12. Wannan ya sa shi tunanin a bar wani abu a wurin da zai tokare ƙofar. Ranar 16 ga Afrilu, 2002, ya dasa wa wani majinyaci ɗan shekara 57 sabon ƙyaure ta bututu ba tare da buɗe ƙirji ba. Ana ɗinke fatun nama a cikin wata ragar ƙarfe, a takure ta, a zura ta yawanci ta jijiyar matsematsi, idan ta kai wurin a buɗe ta, ta danne tsohon ƙyaure a jikin bango ta maye gurbinsa, zuciya kuwa tana bugawa. Likitoci na taƙaita sunan wannan aiki da TAVI.

A wani bincike da aka wallafa a 2010 a kan majinyatan da rauni ya hana a yi musu tiyata, kusan kashi 51 cikin 100 na waɗanda ba a sauya wa ƙyaure ba sun rasu cikin shekara ɗaya, alhali cikin waɗanda aka sauya wa ta bututu kusan kashi 31 ne. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi shi har ga waɗanda tiyata ba ta da haɗari sosai a gare su. Majinyaci kan koma gida cikin kwana 1 zuwa 3. Yana da nasa haɗarin, kamar shanyewar ɓarin jiki, da yoyon jini ta gefen raga, da rikicewar bugun zuciya wadda kan sa a dasa wa wasu na'urar daidaita bugu. Sa'an nan an ƙera shi ne domin ƙyauren tsoho wanda kalsiyam ya ƙagar, saboda a jikin kalsiyam ɗin ragar ke kamawa. Matashin da zazzaɓin rumatik ya lalata wa ƙyaure biyu, yawanci tiyata ce mafitarsa.

3.6 Samuwar Aikin da Kulawa Bayansa

An fara tiyatar buɗe zuciya a Nijeriya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974, amma aikin bai ɗore a jere ba, ya yi ta tsayawa yana tashi, abin da ya sa masu hali suka riƙa tafiya Indiya da Masar da Ingila. A Gana an kafa cibiyar tiyatar zuciya a asibitin Korle Bu da ke Akara a 1989. A Sudan kuma wata ƙungiyar agaji ta Italiya mai suna Emergency ta buɗe cibiyar Salam kusa da Hartum a 2007, inda aka yi wa dubban mutane daga ƙasashen Afirka daban-daban aiki kyauta, yawancinsu masu ciwon rumatik.

Wanda aka sauya wa ƙyaure bai rabu da asibiti ba. Ƙwayoyin cuta da suka shiga jini suna son maƙalewa a jikin ƙyauren da aka dasa, kuma baki na daga cikin manyan ƙofofinsu, don haka kula da haƙora wajibi ne, kuma akan ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a cire masa haƙori. Ya kamata ya riƙa yawo da kati mai nuna irin ƙyaurensa da maganin da yake sha. Idan zazzaɓi ya kama shi ya ƙi sauka bayan 'yan kwanaki, kada a tsaya a kan cewa maleriya ce ko taifod. A ɗebi jininsa a kai ɗakin gwaji domin a shuka shi a ga ƙwayar da za ta tsiro, tun kafin a fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, sa'an nan a sake yi masa hoton eko.